Akwatin da Ya Dawo Ba Mai Shi

Shirva, 19 ga Yuni, 1986

Zuwa ga Gwaggona Sista Benedicta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da sauran Sistoci, da marasa lafiyar da kuke dubawa. Ya ƙafar da Baba ya ce tana damunki? Mu nan lafiya ƙalau, sai dai ruwan sama da ya sauka tun makon jiya bai ɗauke ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabonki da ni tun ranar bikina, shekara biyu da rabi ke nan, ko katin Kirsimeti ban taɓa aiko miki ba. Ki yafe mini. Ba ni da kowa a Bombay sai ke, kuma Baba ya ce tun kuna yara a gidan kakanku ke ce mai gano abin da ya ɓata.

Ranar Talata, goma ga wata, ita ce ranar da komai ya sauya mini. Muna zaune a baranda da safe muna ɗaura furen yasmin da zaren ayaba, ni da Mama surukata da Gretta ƙanwar mijina, muna sauri kada dillali ya wuce mu. Littafin soyayyar da nake karantawa yana ƙarƙashin cinyata, saura shafi tara in gama. Sai ga wani mutumin garin Katapadi da ya zo hutu daga Bombay ya shigo da leburori biyu, sun ɗauko akwatin ƙarfe. Tun daga nesa na gane shi, don ni na rubuta sunan mijina, V. Castelino, a jikinsa da farin fenti.

Gwaggo, ke ma kin san dokar kud, gidan nan da mazan garinmu suke sauka a Bombay in sun dawo daga teku. Kowa akwatinsa shi ne ɗakinsa, shi ne gadonsa. Akwati ba ya fita daga kud sai mai shi ya mutu, ko an kore shi, ko ya tsufa ya dawo gida yana biye da shi. Mama tana ganinsa ta saki furen da ke hannunta ta ce, "Yesu, ɗana." Mutumin ya rantse bai san komai ba, sakataren kud ne ya ce ya kawo.

Muka buɗe. Kayansa ne duka: kwat ɗin bikinmu, rigunan aiki, har da wuƙaƙensa na girki a naɗe cikin tawul. Kukun jirgin ruwa da ya rabu da wuƙaƙensa, ai ya bar aiki ke nan. Abu biyu ne babu, rosarinsa, wato carbin addu'arsa, da hoton bikinmu. A saman kayan akwai 'yar takarda: "Dulci, ki ajiye mini wannan. Ina da rai. Kada a jira ni a bikin Gretta, kuma kada a neme ni. Ki kula da Mama."

Na karanta ta ya fi sau ɗari. Ni na san abin da ake nufi da irin wannan takarda, don na sha gani a littattafai. Mace ce. Har ina ganinta a raina, mai gajeren gashi, tana aiki a ofis, tana shan shayi da tafin hannu a ƙarƙashin kofi. Hoton kuma ya yaga shi ne don kada ta gani.

Yayana Alwyn ya zo shekaranjiya ya ce in tattara in koma gidanmu. Mama kuma ta gaya wa dangin wanda zai auri Gretta a Disamba cewa jirgin mijina Vally ya yi tafiya mai nisa. Ba ta saba ƙarya ba, tana faɗa tana duban ƙasa.

Don Allah, Gwaggo, ki je kud ɗin da ke unguwar Mazagaon ki tambaya. In mace ce, ki gaya mini kai tsaye, zan iya ɗauka.

Taki 'yar,
Dulcine


Bombay, 1 ga Yuli, 1986

'Yata Dulci,

Salamar Kristi ta kasance tare da ke. Na sami wasiƙarki, na yi murna da baƙin ciki a lokaci guda. Ƙafa tana nan, tare muke tsufa. Ki gaishe da babanki, ki ce masa har yanzu ban manta da mangwaron da ya sata ya ce ni ce ba.

Na je kud ranar Lahadi da yamma, daidai lokacin da suke rosari, don na san a wannan sa'a babu mai fita. Sun bar ni na tsaya a bakin matattakala saboda rigar Sistoci da ke jikina. Sakatarensu, wani tsoho Inas Lobo, ya ba ni shayi ya yi ta ba ni labarin jiragen da ya yi aiki a ciki, kamar abin da ya kawo ni ke nan. Da na matsa masa, ya ce ba a kori mijinki Valerian don giya ba, ba don faɗa ba, yaro ne mai hankali. Da na tambayi inda yake, ya ce ya yi alkawari. Zan koma. Na fi shi haƙuri, kuma shayinsa ba laifi.

Yanzu ke. Wannan mace mai gajeren gashi, ke kika haife ta, kika yi mata aski, kika samo mata aiki a ofis. Ni ma na san littattafan nan. Shekara goma ina ƙwace su a hannun ɗalibai lokacin da nake koyarwa, kuma ba zan ce ban taɓa leƙawa ba. Amma layi huɗu mijinki ya rubuta, ke kin mayar da su shafi ɗari biyu. Abin da muka sani shi ne yana da rai kuma yana ɓoye wani abu. Mu tsaya nan tukuna.

Kada ki bi Alwyn yanzu, kada kuma ki yanke wata babbar shawara zuciyarki tana tafasa. Ki yi addu'ar kwana tara. Sai dai ki kula, yawancinmu muna zuwa gaban Allah da amsarmu a aljihu, muna so ya sa hannu kawai. Ki je masa hannu buɗe. Abin da zai ɗauke ya ɗauke, abin da zai ba ki ya ba ki. Ki ce, "Abin da kake so, ka nuna mini," sannan ki yi shiru ki ci gaba da ɗaura furenki.

Gwaggonki,
Sista Benedicta


Shirva, 18 ga Yuli, 1986

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai Mama da ta rage cin abinci. Ruwa ya lalata furen, kwana uku dillali yana tafiya da ɗan abin da bai cika kwando ba. Baba ya yi dariya har da tari a kan zancen mangwaro, ya ce ke kika ci rabi.

Na gane abin da kika ɓoye a wasiƙarki. Da kika ce in bar Allah ya ɗauke abin da zai ɗauke, na san tsohon nan ya gaya miki gaskiya, kina lallaɓa ni ne in shirya. Na yi kuka kwana biyu, yanzu na daina.

Na yi addu'ar kwana tara kamar yadda kika ce. Kullum bayan Misar safe ina tsayawa gaban Uwarmu Maryamu in roƙi alama. Rana ta uku na rufe ido na buɗe Littafi Mai Tsarki na ɗora yatsa, sai na faɗa kan jerin sunaye, wane ya haifi wane. Na sake, na faɗa kan awon wani gini. Na bari. Amma a rana ta tara, ranar Alhamis, ina fitowa daga coci na ce a raina, abin da na fara gani shi ne amsa. Ina ɗaga kai sai ga wata farar mota cike da Sistoci ta wuce, ɗaya daga ciki har ta ɗaga mini hannu.

Gwaggo, ga amsa ta zo. Na gane Allah yana kirana in bar duniya. Ki yi mini magana da shugabarku. Ina iya ɗinki, ina iya karanta wa marasa lafiya. Wata rana, bayan shekaru, wataƙila a kawo wani tsohon matuƙi asibitinku ba shi da kowa, in ba shi ruwa, ya ɗaga ido ya gane ni. Zan yafe masa. Na riga na yafe masa ma tun yanzu.

Na gaya wa Gretta, ta ce in na tafi in bar mata jan sarina, zanen da na ɗaura ranar bikina. Mama kuwa ta tambaye ni ko Sistoci suna barin mutum ya karanta littafi a ƙarƙashin cinya.

Ina jiran amsarki.

Dulcine


Bombay, 29 ga Yuli, 1986

'Yata,

Salama. Ina lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, a zaune.

Da farko, ban ɓoye miki komai a waccan wasiƙa ba, don a lokacin ban san komai ba. Na biyu, farar motar nan duk ranar Alhamis take bi ta Shirva ta kai Sistoci asibiti, tun ina budurwa, kuma ko akuya suka gani za su ɗaga mata hannu. Na uku, ba ma karɓar matar da mijinta yake da rai. Naki yana da rai. Na gan shi da idona, na zauna da shi sau uku.

Babu wata mace. Hotonku yana jingine a kan taga kusa da gadonsa.

A watan Mayu, da aka yi musu gwajin likita kafin su hau jirgi, an ga wani farin tabo a hannunsa na dama. Likita ya soka allura a wurin, bai ji ba. Kuturta ce, Dulci. Na rubuta sunan ƙarara don kada ki zauna kina ƙirƙiro wani abu. An soke takardarsa ta aiki a ranar. Dokar kud ba ta barin mai ciwon da ake ɗauka ya kwana cikin mutane, shi ya sa akwatin ya fita. Inas Lobo ya yi kuka da yake gaya mini. Shi ne ya kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan gari, inda Sistocin wata ƙungiya suke aiki, kuma duk ranar Asabar yana kai masa kifi.

Ga abin da na sani a matsayina na ma'aikaciyar jinya. An kama ciwon da wuri. Maganin da ake bayarwa yanzu yana warkarwa, ba irin na da ba ne. Tun makonnin farko da fara shansa ya daina zama haɗari ga kowa. Zai sha magani kamar shekara biyu. Fuskarsa yadda kika san ta. Abin da ya tafi shi ne jin yatsu uku na hannun dama da wani gefe na tafin ƙafa, kuma wataƙila ba zai dawo duka ba. Ba ciwon ne yake cinye yatsun mutane ba, ƙuna ce da yanka da ba su ji ba har su ruɓe. Mai irin wannan hannu yana bukatar a duba masa shi kullum, a jiƙa a ruwa, a shafa mai. Nan da wata guda za su sallame shi ya riƙa zuwa karɓar magani daga waje, kuma ba shi da wurin zuwa. Ina nema masa ɗaki.

Ya ɓoye ne saboda Gretta. Kin san mutanenmu. In aka ji a Shirva, bikin Disamba ya watse, kuma babu mai sake tambayarta. Ya gwammace a ce ya gudu da mace, don wannan abin kunyarsa ne shi kaɗai. Sai da na yi zuwa uku kafin ya yarda in gaya miki. Na ce masa ba shi da ikon yanke wa matarsa shawara a ɓoye, ko da da kyakkyawar niyya ce. Ga abin da ya rubuta, da hannun hagu, shi ya sa ya karkace:

"Dulci, ki yafe mini. Ba wannan kika aura ba. In kin koma gidanku ba zan ga laifinki ba. Kada Mama ta sani."

Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba. Adireshinsa yana bayan takardar nan.

Gwaggonki


Bombay, 21 ga Agusta, 1986

Dulci,

Salama. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Ina fata lafiya, da ke da mutanen gida.

Na yi ta juya wasiƙata a raina. Ina jin na yi miki tsauri. Na saba magana da likitoci, na manta shekarunki ashirin da biyu. Na yi miki dariya a kan motar Sistoci, sannan a shafi guda na ɗora miki abin da manya ma suke gudu. Na je coci wurin Fada na furta laifina.

In shirun nan yana nufin kin koma gidan babanki, ki sani ƙofata ba ta rufe ba, ta Allah ma haka. Tsoro ba zunubi ba ne. Ni da nake wannan aiki, ranar da na fara wanke irin wannan ƙafa sai da na fita waje na yi amai.

Na samo masa ɗaki ɗaya a wurin wata gwauruwa 'yar Goa, kusa da asibitin. Ta san ciwon, mijinta ya yi shi. Ba ya tambayata ko kin rubuto, amma duk na shiga sai ya dubi jakata.

Idin haihuwar Uwarmu ya kusa. Na san surukarki za ta raba sabuwar shinkafa mai albarka a ambulan, ta aika wa duk wanda yake nesa. In kina iya, ki karɓi ta Valerian ki aiko mini ta gidan waya, zan kai masa. Ba sai kin rubuta komai a ciki ba. Wannan kaɗai nake roƙo.

Gwaggonki,
Sista Benedicta


Shirva, 9 ga Satumba, 1986

Gwaggona,

Barka da idi. Ina fata kun yi shi lafiya, ƙafa kuma ta bar ki kin je Misa. Mu nan lafiya. Ruwa ya fara ja da baya, furen ya soma dawowa. Ban koma gidanmu ba, ina nan inda kika bar ni. Ki daina zargin kanki, ba tsaurinki ne ya sa na yi shiru ba. Kunya ce.

Zan gaya miki gaskiya, ko da ba ta da kyau. Da na karanta wasiƙarki, abin da na fara yi shi ne na je rijiya na wanke hannuna da sabulu har sau uku. Na fitar da kwat ɗinsa daga cikin kayana na mayar akwati. Kwana da kwanaki ina duba jikina a madubi, duk inda sauro ya cije ni sai in soka allura in ji ko da zafi. Ni da na ce miki zan ba tsohon matuƙi ruwa in yafe masa. Ashe na shirya wa mace mai gajeren gashi, na shirya wa rigar Sista, har na shirya wa takaba, amma ban shirya wa wannan ba. Da mace ce, da na zama abar tausayi, ana nuna ni a coci. Wannan kuwa babu wanda zan iya gaya wa.

Na daina addu'a kusan mako biyu. Ina zuwa Misa don kada a yi magana, amma bakina kawai ke motsi. Na ji haushin Allah. Na ce na tambaye shi hannu buɗe, ya sa mini abin da ba zan iya riƙewa ba. Daga baya na gane hannun nawa bai taɓa buɗewa ba. Labari biyu na kai masa na ce ya zaɓi ɗaya.

Littattafan ma sun ƙi karantuwa. Na ɗauki wanda na bari saura shafi tara, na ga jarumin ya yi ciwo, amma irin ciwon da yake sa mutum ya ƙara kyau. Babu wanda yake jiƙa ƙafa a cikin roba. Na ajiye.

Da aka fara kwana taran idi, na riƙa raka yaran maƙwabta da kwandunan furensu, suna watsa wa mutum-mutumin jaririya Maryamu suna waƙa. Ban roƙi alama ba, na gaji da alamu. Ina tsayawa a baya ne kawai in ce, "Ga ni, ban san komai ba." Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Abu ɗaya ne ya riƙa dawo mini, ko ina shara ko ina ɗaura fure. A Kirsimetin bara da Vally ya zo hutu, ya karɓi girkin naman alade daga hannun Mama. Na gan shi ya sauke tukunya daga wuta da hannu, ba tsumma. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin daɗi, ina cewa a raina mijina jarumi ne, wuta ma ba ta kama shi. Washegari na ga bororo a yatsunsa, ya ce shi bai ma lura ba, muka yi dariya. Gwaggo, ina tsaye a wurin. Idona biyu a kansa, amma labarina nake kallo, ba hannunsa ba.

Da farko duk na tuna wannan sai in ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Amma a hankali ya daina zama zargi. Ya koma kamar wani ya nuna mini wuri ya ce, nan ne babu kowa. Yana da magani, yana da likita, yana da ke, yana da mai kawo kifi. Abin da ba shi da shi shi ne wanda zai ce masa tukunyar nan da zafi. Na lura in na yi tunanin komawa gidanmu, sai in ji sauƙi na ɗan lokaci, sannan ƙirjina ya yi nauyi har yamma. In na yi tunanin ɗakin gwauruwar nan, sai tsoro ya kama ni, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu a kwance, shiru, ba ya motsi. Ban san sunansa ba. Ke za ki sani.

Jiya aka yi idin. Fada ya sa wa sababbin zangarnun shinkafa albarka, aka raba, yara suka koma gida da rake. Muka yi miya kala bakwai ba nama ba kifi, aka shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa. Mama ta ɓare ƙwayoyin, ta daka, ta zuba a madarar kwakwa mai mazarƙwaila, ta kunna kyandir, muka yi addu'a don waɗanda suka rigaye mu da waɗanda suke nesa, kowa ya sha. Bayan an ci abinci Gretta ta tafi kai wa maƙwabta, Mama ta zauna da ambulan guda huɗu kamar kowace shekara: ta ƙaninta a Kuwait, ta 'yarta a Poona, ta wani yaro da ta tsaya wa a baftisma. Ta zuba ƙwayoyi a ta huɗu, ta liƙe, ba ta rubuta komai a bayanta ba. Ta tura mini ita a kan tabarma.

Na ce, "Mama, ina za a aika wannan?"

Ta ce, "Ban tambaye ki ba, ke ma kada ki tambaye ni. Takardu shuɗɗa suna ta zuwa daga Bombay, kin ɗauka makauniya ce ni?"

Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ta ga tabon tun Kirsimeti, ranar da yake wanka a bakin rijiya. Ta ce ƙanin mahaifinta ya yi irinsa tana yarinya, an gina masa bukka a bayan gona, ana ajiye masa abinci a kan dutse, kuma ita ake aika. Ta ce tun ranar da akwatin ya shigo ta sani, ta yi shiru ne don tana tsoron in na ji zan tafi. Wata uku muna zaune a baranda ɗaya, gwiwa tana taɓa gwiwa, kowa tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu guda.

Na gaya mata duk abin da kika rubuta, na magani da na shekara biyu. Ta sa na maimaita wurin da kika ce ana warkewa. Na tambaye ta Gretta fa. Ta ce wannan nata ne, ba nawa ba, ba na Vally ba. Za ta fara gaya wa Gretta, sannan ta sa sarinta na zuwa coci ta je ta sami uwar yaron da kanta, ta tafi da wasiƙarki. In za su fasa su fasa tun yanzu, ta gaji da duban ƙasa. Sannan ta ce, "Ke kuma malamar littafi, in kin tashi ki bar mini su, in riƙa hura wuta." Na ce ba zan bar mata ko ɗaya ba. Rabon da in ji dariyarta tun Yuni.

Ki gaya wa Vally Mama ta sani, kuma ba ni na faɗa ba. Ki gaya masa har yanzu ina jin tsoro, kada ya zaci wata waliyyiya ce za ta sauko. Ina kuma da faɗa da shi a kan takardar nan tasa mai layi huɗu, na ajiye masa. Ki tambayi gwauruwar ko tana da babbar roba, in babu in taho da tamu. Man kwakwa na riga na cika kwalba biyu. Wuƙaƙensa zan bar su a nan tukuna, girki nawa ne sai likita ya ce.

Kin ce in aiko miki da ambulan ta gidan waya. Ba zan aiko ba. Alwyn ya yi ta faɗa, amma shi ya je Udupi da safen nan ya yanko mini tikiti. Zan hau motar ranar Litinin, sha biyar ga wata, in iso Bombay ranar Talata. Ambulan tana cikin jakata, akwatin kuma yana bakin ƙofa a ɗaure. Ni zan kawo su.

Taki 'yar,
Dulcine Castelino